Tiyatar gyaran hanci: Yadda ake yin ta a Malesiya, haɗurranta da tsawon jinyarta

Unguwar Sentul da ke arewacin Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, ta yi suna tun farkon ƙarni na 20 a matsayin matattarar ma'aikatan jirgin ƙasa. A nan Turawan mulkin mallaka na Birtaniya suka kafa babbar ma'aikatar gyaran jirage, suka kuma kwaso ma'aikata masu yawa daga kudancin Indiya.

A yau dogayen benaye sun mamaye wani ɓangare na unguwar, kuma kamar sauran sassan birnin, ƙananan asibitoci masu zaman kansu da shagunan kwalliya sun yawaita a bakin titunanta.

Baƙon da ya sauka daga Kano ko Maraɗi zai sha wuya kafin ya bambance asibiti da shagon kwalliya, domin sau da yawa tallarsu iri ɗaya ce: hoton fuska kafin aiki, da hotonta bayan aiki. Amma a dokar ƙasar bambancin babba ne, kuma a wasu lokutan shi ne ke raba wanda ya warke da wanda ya nakasa.

Malesiya na cikin ƙasashen Asiya da ke samun kuɗin shiga daga baƙi masu neman magani. Alƙaluman hukumar kula da masu zuwa ƙasar neman lafiya, MHTC, sun nuna cewa a 2019 an karɓi irin waɗannan baƙi kimanin miliyan 1.2, akasarinsu daga Indonesiya. Ƙasar kuma sananniya ce ga 'yan Najeriya da ke zuwa karatu da kasuwanci.

Gyaran hanci na cikin ayyukan da ake tallatawa. Ƙungiyar likitocin tiyatar kwalliya ta duniya, ISAPS, ta ƙiyasta cewa an yi shi fiye da sau miliyan ɗaya a faɗin duniya a 2023, abin da ya sanya shi cikin tiyatar kwalliya biyar da aka fi yi.

Mece ce tiyatar gyaran hanci?

Tiyata ce da ake yi domin sauya siffar hanci ko girmansa, ta hanyar taɓa ƙashi da guringuntsi da fatar da ta lulluɓe su. Ɓangaren sama na karan hanci ƙashi ne, na ƙasa kuwa har zuwa tsini guringuntsi ne. A ciki akwai shamakin da ya raba ƙofofin hancin biyu.

Dalilan yin ta sun kasu uku. Na farko shi ne lafiya, kamar mutumin da shamakin hancinsa ya karkace har numfashi ke yi masa wuya. Na biyu shi ne sake gina hancin da ya lalace sakamakon haɗarin mota, ƙuna, cutar daji, ko nakasar haihuwa irin ta tsagaggen leɓe. Na uku shi ne kwalliya zalla, inda hancin lafiyarsa ƙalau amma mai shi bai gamsu da kamanninsa ba.

Abin da ake nema ya bambanta daga yanki zuwa yanki. A Iran da Turkiyya, inda tiyatar ta yi tashe, an fi neman rage tudun karan hanci. A kudu maso gabashin Asiya da Afirka kuwa, an fi neman a ɗaga karan, a fito da tsini, a kuma rage faɗin ƙofofi. A ƙasar Hausa ma dogon hanci na cikin abin da ake yabo, shi ya sa ake siffanta kyakkyawa da cewa hancinta har baka.

Likitoci ba sa yin ta don kwalliya sai fuska ta gama girma, wato kusan shekara 16 ga mata, maza kuwa sai an ɗan ƙara a kan haka.

Daga ina ta samo asali?

Tana cikin tsofaffin tiyata da aka rubuta a tarihi. Littafin likitancin da ake jingina wa Sushruta na Indiya, wanda ya haura shekara dubu biyu, ya yi bayanin yadda ake yanko fata daga kumatu a rufe hancin da aka yanke. A wancan zamani yanke hanci hukunci ne da ake yi wa masu laifi da fursunonin yaƙi. Daga baya likitocin Indiya suka koma ɗibar fatar daga goshi, kuma har yau ana amfani da wannan dabara.

A 1597 likitan Italiya Gaspare Tagliacozzi ya wallafa littafi kan sake gina hanci da fatar dantse. A 1794 wata mujalla a Landan ta buga labarin wani mai koren keken shanu a Indiya da aka gina wa sabon hanci da fatar goshinsa, labarin da ya sa Joseph Carpue ya gwada hanyar a Ingila a 1814.

Gyara don kwalliya ya zo ne daga baya. A 1887 John Orlando Roe na Amurka ya bayyana yadda ya gyara tsinin hanci ta cikin ƙofofinsa ba tare da barin tabo a waje ba. Jacques Joseph na Berlin, wanda ya soma nasa aikin a 1898, shi ake ɗauka a matsayin uban tiyatar ta zamani.

Yadda ake yin ta

Aikin kan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa uku, kuma galibi ana sa mutum barci gaba ɗaya. Wasu kan koma gida a ranar, wasu kan kwana ɗaya ko biyu a asibiti.

Hanyoyi biyu ake bi. A rufaffiyar hanya, duk yankan da za a yi a cikin ƙofofin hanci yake, don haka ba a ganin tabo. A buɗaɗɗiyar hanya, likita kan ƙara ɗan yanka a siririn naman da ke tsakanin ƙofofin biyu, ya ɗage fatar sama domin ya ga ƙashi da guringuntsi a fili. An fi bin ta idan aikin mai sarƙaƙiya ne.

Idan ragewa za a yi, ana kankare tudun karan, a wasu lokutan a tsaga ƙasusuwan gefe a matso da su tsakiya. Idan ƙari za a yi, dole a samo abin da za a ɗora.

Zaɓi na farko shi ne guringuntsin jikin mutum kansa, daga shamakin hanci, ko kunne, ko haƙarƙari. Jiki ba ya ƙin sa, amma ɗibarsa na nufin ƙarin rauni a wani wuri, kuma na haƙarƙari kan iya lanƙwashewa daga baya.

Zaɓi na biyu shi ne abin da aka ƙera, kamar silikon ko Gore-Tex. Silikon ya yaɗu a Asiya saboda aikinsa ya fi sauri, ya kuma fi araha. Matsalarsa ita ce yana iya gocewa, ko ƙwayoyin cuta su taru a jikinsa, ko ya matsa wa fata har ta yi siriri ya huda ta ya fito, ko da bayan shekaru.

Domin rage faɗin ƙofofi, ana yanke ɗan nama a gindinsu, daidai inda hanci ya haɗu da kumatu. Wannan yanka ba ya komawa, don haka idan aka wuce gona da iri gyaransa na da wahala ƙwarai.

Fatar hancin baƙar fata da ta mutanen Asiya ta fi kauri, musamman a tsini. Fata mai kauri kan ɓoye ƙananan sauye-sauyen da aka yi a ƙarƙashinta, kuma kumburinta ya fi daɗewa. Shi ya sa hoton hancin wata tauraruwa da mutum ya kawo a waya ba lallai ya yiwu a fuskarsa ba.

Allura da zare

Akwai kuma gyaran da ake yi ba tare da yanka ba, wanda ake tallatawa a matsayin aikin minti 15. Ana ɗura wani sinadari mai kauri a ƙarƙashin fata da allura domin cike kwarin karan hanci, ko a cusa zaren da ke narkewa domin ɗaga tsini.

Allurar ba ta rage girman hanci, ƙari kawai take yi, kuma tasirinta kan gushe cikin wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi.

Sauƙin aikin kan sa a raina haɗarinsa. Jijiyoyin jinin hanci na haɗe da waɗanda ke kai jini ga ido, daidai da karin maganar da ke cewa abin da ya taɓa hanci shi ke sa ido ruwa. Idan sinadarin ya shiga jijiya, yana iya toshe ta, fatar wurin ta mutu, ko mutum ya makance cikin mintuna. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma hanci na cikin wuraren da suka fi haɗari a fuska, kuma makantar galibi ba ta warkewa.

Nau'in sinadarin da likitoci suka fi amfani da shi yana da maganin da ke narkar da shi idan an samu matsala. Ruwan silikon da masu aikin bayan fage ke ɗurawa ba shi da irin wannan magani.

Me dokar Malesiya ta ce?

Duk likitan da ke aiki a ƙasar wajibi ne ya yi rajista da majalisar likitoci ta MMC a ƙarƙashin dokar 1971. A 2013 ma'aikatar lafiya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan aikin kwalliya, waɗanda suka tanadi cewa sai likita ya samu takardar izini da ake kira LCP kafin ya yi shi. Takardar na fayyace ayyukan da aka yarda ya yi.

Ƙa'idojin sun raba likitoci gida uku: likitocin gama-gari, ƙwararru a fannonin magani kamar na fata, da ƙwararrun likitocin tiyata. Likitan gama-gari mai izini na iya yin ƙananan ayyuka kamar allura, amma babbar tiyata irin ta hanci aikin ƙwararren likitan tiyata ne. Ma'aikacin shagon kwalliya ba shi da hurumin yin ko ɗaya daga ciki.

Wurin aikin ma dole ya kasance mai rajista a ƙarƙashin dokar asibitoci masu zaman kansu ta 1998, wadda ta tanadi tarar da ta kai ringgit 300,000 ko ɗaurin da ya kai shekara shida, ko duka biyu, ga wanda ya buɗe asibiti ba da izini ba.

Duk da haka ana karya dokar. A Oktoban 2020 wata matashiya mai shekara 23 ta rasu bayan aikin zuƙe kitse da aka yi mata a wani shagon kwalliya a unguwar Cheras ta Kuala Lumpur, lamarin da ya tayar da muhawara a ƙasar kan sa ido a kan irin waɗannan wurare.

'Yan Najeriya ma ba su manta da rasuwar Stella Obasanjo ba, matar shugaban ƙasa na wancan lokaci, a Sifaniya a ranar 23 ga Oktoban 2005 bayan tiyatar kwalliya. A 2009 wata kotu a Malaga ta samu likitan da laifin sakaci.

Jinya: mako, wata, shekara

Mutum kan farka da takalmin roba ko na ƙarfe a kan karan hancinsa, wani lokaci da ƙunshin auduga ko siririyar roba a ciki. A kwanakin farko numfashi ta baki ake yi, jini kaɗan kan ɗiga, kuma kewayen idanu kan kumbura ya yi duhu. Kumburin ya fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku.

Bayan kimanin mako ɗaya ake cire takalmin da zaren ɗinki. Akasarin mutane kan koma aiki ko makaranta bayan mako biyu, lokacin da duhun ido ya lafa. Motsa jiki mai ƙarfi sai bayan mako huɗu zuwa shida.

A wannan lokaci likitoci kan shawarci mai jinya ya kwanta a rigingine da kansa a ɗage, kada ya fyace hanci, ya yi atishawa da baki a buɗe, ya guji rigar da ake zurawa ta kai, kuma kada tabarau ya zauna a karan hanci na aƙalla mako huɗu. Zafin rana kan ƙara kumburi ya kuma baƙanta tabo.

Taba da shisha na rage jinin da ke isa ga rauni, don haka ake buƙatar a daina su makonni kafin aiki da bayansa. Magunguna irin su asfirin da ibuprofen na ƙara zubar jini. Ya kamata a sanar da likita duk wani maganin gargajiya da ake sha, da man bilicin da ake shafawa, domin wasu na ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata su jinkirta warkewa. Mai cutar sikila, ko ciwon suga, ko hawan jini, na buƙatar shiri na musamman kafin a sa shi barci.

Ga Musulmi akwai batun alwala da sujada. Shaƙa ruwa da fyacewa na iya tayar da jini a makonnin farko. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, waɗannan sunnonin alwala ne ba farillanta ba, kuma mara lafiyar da sujada za ta cutar da shi na da rangwamen yin nuni.

Yanayi ma na da tasiri. A wasu shekarun hayaƙin gobarar daji daga Sumatra da Borneo kan turnuƙe Kuala Lumpur. Wanda ya koma arewacin Najeriya ko Nijar a lokacin hunturu kuwa zai tarar da ƙura da bushewar iska, waɗanda kan haddasa haɓo ko ga mai lafiyayyen hanci. Ruwan gishirin da likita ke rubutawa a fesa na taimakawa.

Abin da ya fi gwada haƙurin mutane shi ne lokaci. Kaso mafi yawa na kumburin kan sauka cikin watannin farko, amma siffa ta ƙarshe ba ta bayyana sai bayan kusan shekara ɗaya. Ga mai fata mai kauri, tsinin hanci kan iya wuce haka.

Haɗurran da ke tattare da ita

Bayan haɗarin maganin sa barci da zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, mutum na iya samun toshewar numfashi, hujewar shamakin hanci, raguwar jin ƙamshi, mutuwar jiki a tsini, ko karkacewar hancin. Wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu ya kamata ya faɗa tun kafin a taɓa shi.

Zazzaɓi, jinin da ya ƙi tsayawa, ciwon da ke ƙaruwa, ruwa mai wari, sauyin launin fata ko dishi-dishin gani alamu ne da ke buƙatar komawa asibiti nan take.

Likitoci na ɗaukar ta cikin tiyatar kwalliya mafi wahala, domin bambancin milimita ɗaya ko biyu kan fito fili a tsakiyar fuska. Bincike daban-daban sun nuna cewa kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa kan koma a sake gyarawa. Aikin na biyu ya fi wuya da tsada, kuma galibi sai an jira shekara guda.

Akwai kuma lalurar ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya riƙa ganin muni a jikinsa inda wasu ba sa ganin komai. Wani bincike da aka wallafa daga Beljiyam a 2011 ya gano alamunta a kusan kashi ɗaya cikin uku na masu neman gyaran hanci. Irin waɗannan da wuya tiyata ta gamsar da su, likitan ƙwaƙwalwa suke buƙata.

Ga wanda ya zo daga nesa, tafiya ƙarin haɗari ce. Komawa Najeriya daga Kuala Lumpur na ɗaukar sa'o'i masu yawa tare da ya da zango a birane irin su Doha ko Dubai, kuma doguwar zama bayan tiyata na iya sa jini ya daskare a ƙafa. Idan matsala ta taso bayan wata uku, likitan da ya yi aikin na can wata nahiya.

Me malamai suka ce?

A Malesiya ne aka yanke ɗaya daga cikin fitattun hukunce-hukuncen zamani kan batun. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, ta tattauna tiyatar kwalliya a zamanta na 18 a birnin Putrajaya cikin Yulin 2007.

Majalisar ta halatta tiyatar da ake yi domin dawo da aikin wata gaɓa, ko gyara nakasar haihuwa kamar tsagaggen leɓe da karkacewar hanci mai tsanani, ko gyara abin da haɗari, ƙuna ko cuta suka lalata. Ta hana wadda ake yi domin sauya lafiyayyar halitta don son zuciya ko kwaikwayon wasu, kuma ta ambaci sauya siffar hanci cikin misalanta.

Malamai kan kafa hujjar halaccin gyaran lalura da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi kafin Musulunci. Ya sanya na azurfa ya yi wari, sai Annabi Muhammad (SAW) ya umurce shi ya sanya na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi.

Kafin a hau gadon tiyata

Ana iya duba sunan likita a rajistar MMC da ta ƙwararrun likitocin Malesiya ta intanet, a kuma nemi ganin takardarsa ta LCP. A Najeriya hukumar MDCN ce ke rajistar likitoci, ƙwararrun wannan fanni kuma na da ƙungiyarsu ta NAPRAS.

Ya kamata mai neman aikin ya san wanda zai riƙe wuƙar, da wanda zai sa shi barci, da abin da za a saka masa a hanci, da asibitin da za a garzaya da shi idan abu ya ɓaci, da kuma wanda zai biya kuɗin gyara na biyu. Farashin da ya yi arahar da ta wuce hankali, ko matsin lamba a biya kuɗi a ranar farko, alamu ne na a yi hattara, kada garin gyaran gira a rasa ido.

A Sakkwato, tiyatar hanci na da wata ma'ana dabam. Asibitin Noma da aka kafa a birnin a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, na sake gina hanci da leɓe da kumatun yaran da cutar noma ta cinye, kuma kyauta. Cutar ta fi kama ƙananan yara masu fama da tamowa, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan yunƙurin da Najeriya ta jagoranta.

Da yawa daga cikin yaran na buƙatar a yi musu aiki fiye da sau ɗaya, da tazarar watanni a tsakani, kafin su iya cin abinci da magana da numfashi yadda ya kamata.